Haƙoran Ƙarfe: Daga Maƙeran Gaya Zuwa Injin Sassaƙa Mai Kwamfuta

Idan kaka ta yi a ƙasar Ajingi, yini guda na aiki yana da tsada. An girbe gero, an tara dammuna, dawa na bisa hanya, mai tarakta kuma ya riga ya karɓi kafin alƙalami daga hannun manoma da dama. Ana cikin haka sai a ji injin yana ruri, hayaƙi na tashi kamar kullum, amma na'urar casar da aka ɗaura masa a baya ta tsaya cik. Da bakanike ya kwance, sai a ga ashe abin da ya tsayar da aikin wata sandar ƙarfe ce da tsawonta bai wuce taƙi ɗaya ba. Haƙoran da ke kewaye da bakinta sun cinye, sun koma sumul, don haka tana juyawa a cikin mazauninta ba ta kama komai.

Mai babur ma ya san wannan ciwo. Sandar da yake takawa ya ta da inji, da wadda yake sauya giya da ita, duk a kan irin waɗannan 'yan haƙora suke zaune. Ranar da suka cinye, ƙafa za ta yi ta zamewa a banza.

Hanyoyi uku ne aka saba bi. Ko a nufi Kano ta Wudil a nemo sabuwar sanda, in akwai ta kuma in aljihu zai ɗauka. Ko a shiga kasuwar Ƙofar Ruwa a laluba cikin tsofaffin kayan da aka ciro daga wasu injuna. Ko kuwa a kira mai walda ya liƙe sandar da abokiyar zamanta su zama abu guda. Walda tana fitar da mutum kunyar yau, amma zafinta yana sauya taurin ƙarfen, yana iya karkatar da sandar, kuma ranar da wani abu ya lalace a ciki sai an yanke kafin a kai gare shi. Akwai hanya ta huɗu, wato a ɗauki sabon ƙarfe a yanka masa haƙora daidai da na asali. Ita ce aka fi ƙarancin bi, duk da cewa wannan yanki ya fi shekara dubu da sanin ƙarfe. Dalilin haka yana cikin tarihin haƙoran kansu.

Ƙasar da ta san tama

Tarihin baka na Kano yana cewa wani maƙeri mai suna Kano ne ya taso daga Gaya yana neman tama, ya same ta a gindin dutsen Dala, ya zauna. Abagayawa, waɗanda ake lissafawa cikin tsofaffin mazauna birnin, zuwa gare shi suke danganta kansu. Binciken masu tonon tarihi a Dala ya nuna ana narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7. Ajingi, wadda aka cire daga tsohuwar ƙaramar hukumar Gaya, tana cikin ƙasar da wannan labari ya fito.

Maƙerin gargajiya gwani ne na auna abu da ido da hannu. Fartanya, garma, lauje, gatari, linzami, duk yana ƙera su ne daidai da mai su: tsawon mutum, ƙarfin damtsensa, taurin ƙasar gonarsa. In ruwan fartanya bai zauna a ƙota ba, sai a ɗan feƙe ƙotar ko a mayar da ƙarfen wuta. Abubuwa biyun da za su haɗu suna gaban maƙeri a lokaci guda, shi ne alƙalinsu.

Kano ta daɗe tana haɗa ƙarfen waje da aikin gida. Lokacin da Heinrich Barth ya zo birnin a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takubba daga Solingen ta ƙasar Jamus, maƙera da dukawa na gida su yi musu ƙota da kube. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ƙarfen Turai da tarkacen layin dogo suka wadata, narkar tama ta ja baya har ta mutu, aka bar ƙira. Daga baya sifirin mota ya zama abin da maƙera suka fi so wajen wuƙa da gatari, saboda yana ɗaukar tauri. Hannun bai mutu ba. Abin da ya sauya shi ne irin kayan da ake kawo wa hannun: injuna masu sassan da aka ƙera a wata nahiya, bisa awon da aka rubuta a takarda.

Me ya sa haƙora

Duk injin da ke juyawa yana da matsala guda: yadda za a miƙa juyi daga sanda zuwa abin da aka zura a kanta, ko giya ne, ko fulin bel, ko wata sandar. Tsohuwar dabara ita ce a yi tsaga guda a jikin sanda, a yi wata a cikin ramin, a cusa ɗan guntun ƙarfe mai kusurwa huɗu a tsakani. Har yau haka yawancin injunan niƙa da na ban ruwa suke. Dabarar tana da sauƙi, amma nauyin juyin gaba ɗaya yana sauka a wuri guda, tsagar kuma tana raunana sandar.

Da motoci suka yawaita a farkon ƙarni na 20, injiniyoyi suka koma yanka haƙora da yawa a jikin sandar kanta, a kewaye da ita, masu bin tsawonta, a kuma yanka kishiyoyinsu a cikin ramin. Nauyi ya rabu a kan haƙora shida ko goma ko ashirin. Bayan haka abin da aka zura yana iya zamewa gaba da baya alhali yana juyawa, wanda shi ne abin da akwatin giya yake buƙata. Haƙoran farko masu miƙaƙƙen gefe ne, kamar an jera tubala a kan sandar. Daga baya aka ɗauko wata siffa daga duniyar giya, wadda lissafinta ya girmi mota da kusan shekara 200.

Layin warwarar zare

A ɗauki mazari da aka naɗe da zare. A riƙe bakin zaren a ja shi a miƙe, a riƙa warware shi ba tare da an bari ya yi sako-sako ba, mazarin kuma yana tsaye wuri guda. Bakin zaren zai zana wani lanƙwasasshen layi da ke buɗewa yana nisantar mazarin. Wannan layi, wanda za a iya kira layin warwara, shi ne siffar gefen haƙorin kusan kowace giya a duniya yau.

Christiaan Huygens, masanin ƙasar Holan, ya yi bayanin irin waɗannan layuka a littafinsa kan agogo a 1673. A tsakiyar ƙarni na 18 Leonhard Euler, ɗan Basel ta ƙasar Suwizalan, ya nuna da lissafi cewa haƙoran giya masu wannan siffa suna miƙa juyi sumul, ba fizga ba tsayawa. Duk da haka masu ƙera agogo da injunan masaƙa sun daɗe suna amfani da wata siffar dabam. Sai a ƙarni na 19, bayan rubuce-rubuce irin na Robert Willis na Jami'ar Kambirij, wanda ya fitar da littafinsa kan sassan inji a 1841, layin warwara ya fara rinjaye.

Dalilai biyu suka ba shi nasara, kuma dukansu na masu aiki ne. Na farko, yana yafe kuskure: ko tazarar da ke tsakanin giya biyu ta ɗan ƙaru ko ta ragu, juyin yana nan daidai. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, ana iya fitar da wannan lanƙwasa da wuƙa mai miƙaƙƙen gefe. In aka gangara wuƙar a jikin ƙarfen yayin da yake juyawa a kan ƙa'ida, yanka bayan yanka, lanƙwasar za ta fito da kanta. Wuƙa miƙaƙƙiya tana da sauƙin wasawa da aunawa, kuma guda ɗaya tana yanka haƙora 12 ko 40, muddin girman haƙorin ɗaya ne.

A jikin sanda, haƙoran wannan siffa gajeru ne, kusan rabin tsayin haƙorin giya, masu kauri a gindi, don haka ba su cika karyewa daga tushe ba. Gefensu yakan karkata da digiri 30, maimakon digiri 20 da aka saba a giya. Saboda wannan karkata, da zarar nauyi ya hau, sandar tana neman tsakiyar ramin da kanta, haƙoran su raba kayan a tsakaninsu.

Injunan da suka mayar da lissafi ƙarfe

Lissafi a takarda ba ya yanka ƙarfe. Wajen 1800 Henry Maudslay a Landan ya kyautata injin sassaƙar ƙarfe, wanda ke juya sanda yayin da wuƙar da aka ɗaure a kan keken ƙarfe take bin jikinta. Da wannan aka fitar da wuƙa daga hannun mutum aka danƙa ta ga sukuru mai awo. A 1841 Joseph Whitworth, wanda ya yi aiki a masana'antar Maudslay, ya gabatar da ma'auni guda na zaren noti da ƙusarsa, domin notin Manchesta ya shiga ƙusar Landan.

A Amurka, kamfanin Brown & Sharpe ya fitar a shekarun 1860 da injin gurza mai kan rabo, wato na'urar da ke juya sanda da adadin digiri daidai bayan kowane yanka, tare da wuƙaƙe masu siffar gurbin haƙori. Wannan ita ce hanyar da ƙananan wuraren aiki a Kano da Kaduna suke bi har yau in sun yanka giya: gurbi ɗaya, a juya, gurbi na gaba. A ƙarshen ƙarnin aka sami hanyoyi masu sauri. Hermann Pfauter a Chemnitz ta Jamus ya yi rajistar injinsa a 1897, mai amfani da wuƙa mai siffar sukuru da aka tsattsaga wa bakuna, tana juyawa tare da sandar ba tsayawa. A daidai wannan lokaci Edwin Fellows a Springfield ta jihar Bamont ya ƙera injin da wuƙarsa giya ce da kanta, tana hawa da sauka tana feƙe abokiyarta.

Da injuna suka samu, sai aka koma kan yarjejeniya. Sandar da ke fitowa a bayan tarakta misali ce mai kyau. Kamfanin International Harvester ya fara sa ta a taraktocinsa a 1918. A 1927 ƙungiyar injiniyoyin aikin gona ta Amurka ta tsayar mata da ƙa'ida, wadda ta zauna a kan kauri milimita 35, haƙora 6 masu miƙaƙƙen gefe, da juyi kusan 540 a minti. A ƙarshen shekarun 1950 aka ƙara ta biyu domin manyan taraktoci: juyi 1,000 a minti, haƙora 21 masu siffar layin warwara. Wannan yarjejeniya ce ta sa na'urar da aka ƙera a Indiya take shiga bayan taraktar da aka ƙera a Ingila ko Italiya, a gonar da ke Toranke ko Balare.

Sauran sanduna suna da nasu littattafan: DIN 5480 na Jamus, ANSI B92.1 na Amurka, da ISO 4156 na ƙasa da ƙasa. A tsarin Jamus, in aka rubuta W 25 x 1.25 x 18, an faɗi komai ke nan: sanda ce, kaurinta na ƙa'ida milimita 25, girman haƙori 1.25, haƙora 18. Mai aiki a Cennai da mai aiki a Istanbul za su karanta wannan layi su yanka abu guda, ba tare da ɗayansu ya ga ramin da sandar za ta shiga ba. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo. A nan ƙarfe na biyun yana wata ƙasa, wanda ya ƙera shi ma wataƙila ya daɗe da rasuwa, kuma dole amon ya yi daidai.

Tarakta ta zo, haƙoranta ba su zo ba

Arewa ta karɓi injin gona kafin ta karɓi masana'antar da ke ciyar da shi. Gwajin noma da tarakta da Turawan mulki suka yi a Mokwa daga 1949 ya watse a 1954, kuma wahalar kula da injuna a wurin da babu kayan gyara tana cikin darussan da ya bari. Bayan mulkin kai gwamnatoci suka buɗe sassan hayar tarakta. A Kano, Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, noman rani ya faɗaɗa a Kadawa da Kura. Shirin ciyar da ƙasa na 1976 da na juyin noma na Shugaba Shagari a 1980 suka ƙaro taraktoci, hukumar KNARDA ta shiga ƙauyuka a farkon shekarun 1980, shirin Fadama na shekarun 1990 kuma ya cika bakin koguna da ƙananan injunan ban ruwa.

A takarda, an tsara sarƙar gaba ɗaya. Ajakuta, wadda aka fara ginawa da Tarayyar Sobiyet a 1979, za ta narka tama. Masana'antun Katsina, Jos da Oshogbo za su murza ƙarfe. Kamfanin ƙera injunan aiki na Oshogbo, wanda aka kafa a 1980 tare da HMT na Indiya, zai samar da injunan sassaƙa da na gurza. Steyr a Bauchi da kamfanin haɗa manyan motoci na Kano mai alaƙa da Fiat za su haɗa taraktoci, Peugeot a Kaduna kuma motoci tun 1975, da alƙawarin cewa kason kayan gida zai riƙa ƙaruwa shekara bayan shekara.

Sarƙar ba ta haɗu ba. Ajakuta ba ta kai ga narka tama yadda aka tsara ba. Masana'antun murza ƙarfe sun fi fitar da rodin gini, wanda bai dace da sandar inji ba. Akwatunan giya da sandunansu sun ci gaba da zuwa a cikin akwati daga Turai. Da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyara suka yi tsada, harabobin ma'aikatun gona suka cika da taraktocin da ake cire wa sassa domin a rayar da 'yan uwansu. Abin da ya tsira shi ne ƙananan masu aikin hannu: na Ƙofar Ruwa da Dakata a Kano, na Panteka a Kaduna. Su ne suke ƙera injunan casa, na ɓarzar masara da na gyaran shinkafa, musamman tun da rufe iyakoki a 2019 ya bunƙasa harkar shinkafa. Amma duk wanda ya duba waɗannan injuna zai ga bel da fuli da tsaga guda. Inda ake buƙatar haƙoran sanda, sai a yanko su daga tsohuwar mota a yi walda.

Abin da kwamfuta ta sauya

A ƙarshen shekarun 1940 wani ɗan kasuwa a jihar Mishigan, John Parsons, mai ƙera fukafukan jirgi mai saukar ungulu, ya kawo shawarar a riƙa tuƙa injin yanka da lambobi. Rundunar sojan saman Amurka ta ba da kuɗi, cibiyar fasaha ta MIT ta nuna injin farko a 1952, yana karanta umarni daga tef ɗin takarda mai huji. Da ƙananan kwamfutoci suka samu a shekarun 1970, kamfanonin Japan irin su FANUC suka sauƙaƙa tsarin, aka sami abin da ake kira CNC. Yau Sin, Taiwan, Koriya da Indiya suna sayar da irin waɗannan injuna ga ƙananan wuraren aiki a ko'ina.

A da, sanda mai haƙora tana bin injuna biyu ko uku: a sassaƙa ta a nan, a kwance a kai ta can a yanka haƙora. Kowane kwancewa da ɗaurewa ƙofa ce ta kuskure, domin haƙoran na iya kaucewa tsakiyar sandar. Injin sassaƙa mai kwamfuta yana iya gama aikin a ɗauri guda, saboda yana sanin kusurwar da sandar take a kowane lokaci, yana iya tsayar da ita a digirin da aka ce.

Hanya mafi arha ita ce a wasa wuƙa guda da siffar gurbin haƙori. Injin ya riƙe sandar cik, wuƙar ta riƙa kai da komo a tsawonta, kowane zuwa tana ɗebe abin da bai wuce kaurin gashi ba, har gurbin ya kai zurfinsa. Sai sandar ta juya, in haƙora 18 ne digiri 20, a sake. Aikin yana da jinkiri kuma yana gajiyar da injin, amma ga sanda ɗaya ko biyu na gyara ya wadatar. Hanya ta biyu tana buƙatar injin da ke da wuƙaƙe masu juyawa da kansu: ƙaramin faifai mai siffar gurbin ya gurza shi a tafiya ɗaya ko biyu. A duka biyun, kyan haƙorin yana rataye ne a kan siffar wuƙar, kuma wuƙar da aka yi wa haƙora 18 ba ta dace da 24 ba. Hanya ta uku ita ce dabarar Pfauter a cikin sabuwar riga: wuƙa mai siffar sukuru tana juyawa, kwamfuta tana ɗaure juyinta da na sandar, wuƙa ta zaga sau 18 sanda ta zaga sau 1. Lanƙwasar tana fitowa da kanta, cikin 'yan mintuna.

Ƙananan sanduna suna da nasu halin. Siririn ƙarfe yana gudun wuƙa. In aka ninka tsawon da ya fito daga maƙoshin injin, lanƙwasarsa tana ƙaruwa sau 8. In aka rage kaurinsa da rabi, tana ƙaruwa sau 16. Sakamakon shi ne haƙora masu kauri a baki, sirara a gindi, da kakkarwar da ke barin tabo a gefensu. Maganin sananne ne: a tokare bakin sandar da tsinin baya, a rage cizon wuƙa, a bar ɗan abin da za a share a zagaye na ƙarshe.

Abin da kwamfuta ba ta yi

Sayen injin shi ne ɓangare mafi sauƙi. Sandar da bakanike ya kawo daga Ajingi ta riga ta cinye, kuma ba ta zo da takarda ba. Sai an ƙirga haƙoran, an auna abin da ya rage, an gano ko tsarin inci ne na Amurka ko na milimita, ko digiri 30 ne ko 45, sannan a buɗe littafin ƙa'ida a nemo ainihin awonta. Taraktocin Massey Ferguson, New Holland da Mahindra, da baburan Bajaj da Jincheng, ba a kan littafi guda aka ƙera su ba. Wanda ya kwafi cinyayyen haƙori ya ƙera sabon abu mai tsohuwar cuta.

Bayan yanka sai awo. Ana kwantar da 'yan sandunan awo biyu masu sanannen kauri a gurabe biyu masu fuskantar juna, a auna tazarar bayansu da ma'aunin da ke karanta kashi 1 cikin 100 na milimita, a gwada da lambar da ke littafi. Masu yin da yawa suna da zobba biyu, ɗaya dole ya shiga, ɗaya dole ya ƙi. In haƙoran sun yi kauri, sandar ba za ta shiga ba, guduma kuma za ta fasa ramin. In sun yi siranta, za ta riƙa ƙwanƙwasa a kowane tashi da tsayawa, ta cinye kanta da abokiyarta kafin kaka ta zagayo.

Sai ƙarfen kansa. Sandar inji tana son ƙarfen da aka san adadin sinadarin gawayin da ke cikinsa, da sauran abubuwan da aka gauraya masa. Bayan yanka ana taurara fatarta a bar cikinta da laushi, domin haƙori ya jure goga, sanda kuma ta jure fizga. Ana yin haka ko dai ta gasa ta a tanda mai zafin digiri 900 da ɗoriya a cikin abin da ke shayar da ita gawayi sannan a tsoma a mai, ko ta ɗumama fatar da wutar lantarki cikin daƙiƙoƙi. Maƙerin Gaya ya san asalin wannan ilimi, domin da launin ƙarfe yake gane lokacin tsoma gatari a ruwa. Bambancin shi ne gatari bai damu da karkatar kaurin gashi ba, sanda mai haƙora kuwa ta damu. Daga ƙarshe akwai wuta: in lantarki ya ɗauke ana tsakiyar yanka, wuƙar da aka sayo da dala da sandar duka suna iya tafiya.

Waɗannan buƙatu ba su fi ƙarfin Kano ba. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda ta fara karatu a 2001 kuma take ɗauke da sunan Aliko Dangote yanzu, tana kan hanyar da bakaniken Ajingi yake bi zuwa birni. Akwai tsangayar injiniya a Jami'ar Bayero, akwai kwalejin fasaha ta jiha, akwai cibiyar hukumar NASENI mai kula da na'urorin ruwa a Kano, akwai cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ta daɗe tana zana injunan casa. A ɗaya gefen akwai masu aikin hannu da suka san kowace sandar da ke yawan mutuwa a tarakta da babur, da sunan injin da watan da take mutuwa. Ɓangare na farko yana da littafin ƙa'ida da ma'auni, na biyu yana da jerin abin da kasuwa take nema. Wurin aiki guda mai injin sassaƙa na kwamfuta, da tanda, da ma'aunai, da wutar da ba ta yankewa, wanda zai zaɓi sanduna goma ko ashirin da aka fi nema ya riƙa yin su da yawa, zai iya abin da ba a cimma da manyan masana'antun shekarun 1980 ba. Irin wannan hanya ce garuruwa kamar Ludhiyana da Rajkot na Indiya suka bi, daga ƙananan rumfunan gyara har suka zama masu sayar wa duniya kayan inji, ciki har da kasuwannin Kano.

Labarin baka ya ce maƙerin Gaya ya bar gida ne domin neman tama, ya bi ta har Dala. Jikokinsa na yau suna da ƙarfe a ko'ina, a kasuwa da bola da bayan kowace ma'aikata. Abin da ake bi zuwa Kano yanzu shi ne awo: lambobi uku ko huɗu da ke cewa ga kaurin sanda, ga girman haƙori, ga adadinsu. Kafin a sami mai karanta su ya mayar da su ƙarfe a kusa, mai taraktar Ajingi zai ci gaba da kiran mai walda, dammunan gero kuma suna jira a rana.